Yadda ake zama lauyan rigimar haƙƙin ƙirƙira a Amurka, mataki bayan mataki

Tun ranar da bakina ya kuɓuce na faɗi albashin da manyan ofisoshin lauyoyi ke biyan sabon shiga a Amurka ban huta ba. Ɗalibin injiniya daga Zariya ya tambaya, wata lauya da ta gama makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ba da jimawa ba ta tambaya, har da wani dattijo da ke son ɗansa ya yi "irin aikin nan na Apple da Samsung". To ga amsar a wuri guda, don na gaji da maimaita ta a waya. Zan riƙa cewa "kai" ne saboda sauƙi amma 'yan'uwa mata har da ku, alƙaliyar da ta saurari wancan kes ɗin na Apple da Samsung a San Jose ma mace ce, Lucy Koh.

Yawancin waɗanda na ga sun yi asara a hanyar nan ƙwaƙwalwa ba ta gaza musu ba, matakan suka jera a birkice, suka biya kuɗin mataki na biyar alhali na uku bai zauna ba. Don haka ka bi su yadda na jera su.

1. Fara sanin wane aikin kake nema

Fatent takarda ce da gwamnati ke ba wanda ya ƙirƙiri sabon abu, ta ce na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardar nema ba wanda zai ƙera abin ko ya sayar ko ya shigo da shi ƙasar sai da izininsa. Lauyoyin harkar kashi biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai masu rubuta takardar su yi ta ja-in-ja da USPTO, hukumar ba da fatent ta Amurka, har a bayar, akwai kuma masu zuwa kotu idan rigima ta tashi, wani ya ce an shiga masa gona wani ya ce ƙarya ne, gonar ma tun asali ba tasa ba ce. Na biyun muke magana a kai.

Da gangan na ce gona. A ƙarshen kowane fatent akwai wasu jimloli masu lamba da ake kira kilem, su ne iyakar gonar, duk sauran shafukan bayani ne kawai. Ka ɗauka wani ya ƙirƙiri injin ban ruwa, kilem ɗinsa na ɗaya ya ce: faifan sola, da famfo, da na'urar auna danshin ƙasa "wadda aka haɗa da" famfon. Sai wani kamfani ya fito da nasa, komai iri ɗaya amma na'urarsa ba waya, ta iska take aika saƙo. To "haɗa" ɗin nan dole sai da waya ko har da ta iska? A kan irin wannan kalma ɗaya ake kashe miliyoyin daloli, kuma wannan shi ne aikin, ba tsayuwa gaban kotu kana ɗaga murya kamar a fim ba.

Kafin ka kashe ko kwabo, shiga Google Patents, kyauta ne, rubuta sunan wani abu da ka sani da Turanci, buɗe fatent ɗaya ka gangara kan kilem na ɗaya ka karanta shi sau biyar. In ka ji kana son gano me ya sa aka zaɓi wannan kalmar aka bar waccan, ci gaba. In barci ya ɗauke ka, lauyanci fanni-fanni ne, ba laifi.

2. Digirin farko

A doka ba a ce sai kana da digirin kimiyya za ka tsaya wa wani a kotu kan fatent ba, lasisin lauya ya isa, kuma akwai manyan lauyoyin fagen da tarihi ko siyasa suka karanta. Amma wannan maganar doka ce, maganar kasuwa daban. Ofishin da zai ɗauki baƙo daga wata ƙasa yana son dalili, kuma dalilin da ya fi tasiri shi ne injiniyan lantarki, injiniyan kwamfuta ko kimiyyar kwamfuta, saboda kes ɗin waya da manhaja da na'urorin sadarwa su suka fi yawa. A ɓangaren magunguna da ilimin halittu kuwa digirin farko sau da yawa ba ya isa, za ka tarar abokan takararka masu digiri na biyu ne ko dakta.

In har yanzu kana makaranta, ka riƙe makinka da kyau don da shi za a auna ka shekaru masu zuwa, sannan ka adana kundin bayanin kwasa-kwasan sashenku na shekarar da ka yi karatu. Wallahi wannan ƙaramin littafin da kowa ke jefarwa zai iya zame maka abin nema ido rufe a mataki na biyar.

Hattara: digirin lissafi zalla ba ya cikin waɗanda USPTO ke karɓa a matsayin shaidar kimiyya, mutane na mamakin wannan amma haka abin yake.

3. Takardun zama, tun kafin maganar kuɗi

Nan ne ni na faɗi. Ina kan bizar ɗalibi na ji ana ta cewa jarrabawar USPTO, wadda ake ci a samu rajistar yin aikin fatent a gaban hukumar, ita ce mabuɗi, na tattara 'yan kuɗin da na tara sama da dala 2,000 na biya wani kwas na share fage, na yi wata biyu ina haddace dokoki, sai ranar da na zo cike fom na karanta sharaɗin da ya kamata in fara karantawa. Cikakkiyar rajista ta ɗan ƙasa ce ko mai girin kad. Mai biza abin da zai iya samu izini ne taƙaitacce, shi ma sai ya nuna cewa hukumar shige da fice ta yarda ya yi aikin fatent ɗin. Ni ko takardar aiki ba ni da ita lokacin. Kafin in cika sharaɗin wa'adin kwas ɗin ya ƙare, kuɗi sun bi ruwa.

Ka san waɗannan tun yanzu. Bayan kammala karatun lauya bizar ɗalibi na ba ka wata 12 na aiki, wanda ake kira OPT, ƙarin shekara biyun da 'yan kimiyya ke samu ba ya shafar digirin lauya na yau da kullum. Bayan nan yawanci sai bizar aiki ta H-1B, ita kuma adadinta 85,000 ne a shekara kuma masu nema sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba. Aikin mai duba fatent a USPTO na 'yan ƙasa ne kawai. Aikin taya alƙalin tarayya bincike, wanda ke ɗaga darajar matashin lauya sosai, shi ma biyan albashinsa na da sharaɗin zama ɗan ƙasa ko mai girin kad da ke kan hanyar zama ɗan ƙasa. Ga shi kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara dokokin biza kan ƙasashe da dama har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan, don haka ka duba shafin ofishin jakadancin da kanka a satin da za ka biya kowane kuɗi, kada ka dogara da labarin wanda ya tafi shekara biyar da suka wuce.

4. Zaɓi ƙofa: JD ko LLM

A Amurka ba a karanta lauya a digirin farko. Sai ka gama wani digirin tukuna ka shiga makarantar lauya ta shekara uku, shi ne JD. Injiniya ko ɗan kimiyya wannan ce ƙofarsa. Za ka buɗe asusu a LSAC, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga makarantun lauya, jami'arka ta aika musu transkirif ɗinka kai tsaye su tantance, ka rubuta jarrabawar LSAT wadda makinta ke tsakanin 120 da 180. Kuɗin jarrabawar ya ɗan haura dala 200, na tantance takardu ma haka, ban da abin da kowace makaranta ke karɓa. Tun Agustan 2024 an cire sashen wasannin lissafin hankali daga jarrabawar, saboda haka in wani ya ba ka tsohon littafi kada ka ɓata lokaci a wannan babin, karatu da warware hujja suka rage. Manyan makarantu matsakaicin makin ɗalibansu 170 ne ko sama.

Transkirif kuwa, ka san halin jami'o'inmu, ka fara bin sa shekara guda kafin lokaci, kuma ka samu mutum a ƙasa da zai riƙa leƙa ofishin.

Kuɗin makaranta shi ne dutsen. Manyan jami'o'i masu zaman kansu sun haura dala 70,000 a shekara, kuɗin karatu kawai ban da haya da abinci da inshorar lafiya. Ɗalibin waje ba ya samun bashin gwamnatin tarayya, bashin banki kuma yawanci sai da ɗan ƙasa mai tsaya maka, ga ruwa a kai, wanda ga da yawanmu magana ce ta addini ba ta lissafi kawai ba. Shi ya sa nake ce wa yara makin LSAT kuɗi ne. Ƙarin maki biyar na iya zama bambancin rabin sikolashif da babu, don haka gara ka jinkirta shekara guda ka sake rubutawa da ka yi gaggawar shiga da bashi har wuya.

Akwai wata ƙofar gefe da ba a cika faɗa ba. Wasu ofisoshin fatent na ɗaukar injiniya ko mai dakta a matsayin ƙwararren fasaha tun bai zama lauya ba, yana aiki da rana yana zuwa makarantar lauya da yamma shekara huɗu, ofishin na biyan kuɗin makarantar. Wahala ce ta gaske, ba asabar ba lahadi, amma ka fito ba bashi kuma da gogewa. Wanda ya riga ya shiga Amurka ya yi digiri na biyu a injiniya, wannan nake fara nuna masa.

In kuwa kai lauya ne tuni, ƙofarka LLM ce, digiri na biyu a lauya na shekara ɗaya, ko ma kai tsaye jarrabawar bar, wato ta samun lasisin lauya. Jihar New York na duba takardun lauyoyin waje, kuma waɗanda suka fito daga ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila irin Najeriya da Ghana sun fi samun sauƙi, wasu ana ba su izinin zama ba tare da LLM ba, hukumar ce ke yanke hukunci bayan ta ga takardun mutum. Wanda ya karanta tsarin Faransa a Yamai ko Njamena sai ya cike da LLM mai kiredit 24 a makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta amince da ita. California kuma na barin wanda ke da lasisin lauya a ƙasarsa ya zauna tata jarrabawar.

Hattara, kuma wannan gaskiya ce mai ɗaci: LLM na kai ka ga lasisi amma ba ya cika kai ka ga wannan aikin. Manyan ofisoshi daga 'yan JD suke ɗiban sabbin ma'aikata, lauya mai LLM da ba shi da digirin kimiyya zai sha wuya kafin a saka shi a kes ɗin fatent. In LLB kawai gare ka, alamar kasuwanci da haƙƙin mallakar rubutu da waƙa sun fi kusa da hannunka, daga can wasu ke gangarowa.

5. Jarrabawar USPTO, in ka cancanta

Na ce ba dole ba ce ga mai zuwa kotu, to me ya sa ake yi? Saboda tun 2012 akwai wata kotu a cikin hukumar kanta, PTAB, inda wanda aka kai ƙara ke zuwa ya nemi a soke fatent ɗin gaba ɗaya, kuma jagoran lauyoyi a can sai mai rajista. Sannan a takardar neman aiki tana nuna cewa da gaske kake.

Cancantar hawa-hawa ce. In sunan digirinka na cikin jerin da hukumar ta fitar, shi ke nan. In babu, sai a ƙirga kwasa-kwasan da ka yi ɗaya bayan ɗaya, misali kiredit 24 na fiziks ko 30 na kemistiri, a nan ne za a ce kawo bayanin kowane kwas, wancan kundin da na ce ka adana. Hanya ta uku ita ce cin jarrabawar injiniyoyi ta FE.

Jarrabawar tambaya 100 ce ta zaɓi, a kwamfuta, awa uku da safe awa uku da rana. Guda 90 ake ƙirgawa kuma sai ka ci 63. Ana ba ka littafin dokokin hukumar, MPEP, a kan allo ka bincika, kuma wannan ne ke yaudarar mutane su ɗauka abin banza ne. Littafin dubban shafuka ne, minti uku da ɗoriya gare ka a kowace tambaya, in ba ka san babin da amsa take ba tun kafin ka buɗe, lokaci zai cinye ka. Ka fi ba babi na 700 da na 2100 ƙarfi. Kuɗin hukuma da na cibiyar jarrabawa 'yan ɗaruruwan daloli ne, kwas ɗin share fage ne mai tsada. Da zarar an amince da takardunka ƙayyadadden wa'adi ake ba ka ka zauna, saboda haka kada ka tura fom sai ka kusa shiryawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin shiga makarantar lauya ko hutun ƙarshen shekarar farko. Wanda ya ci ba tare da lasisin lauya ba ana kiransa wakilin fatent, kuma yana iya fara cin abinci da ita.

6. Shekarar farko a makaranta ita ce komai

Abin haushi ne amma haka tsarin yake: makin zangon farko da na biyu su ke yanke inda za ka yi aiki, domin ofisoshi na yin intabiyu tun kafin ka shiga shekara ta biyu, yanzu ma sun ƙara matso da abin gaba. Wanda suka ɗauka zai yi musu aikin bazara na 'yan makonni, in bai yi wani abin kunya ba a ba shi takardar aiki ta bayan kammalawa. Kuma yawancin kwasa-kwasan shekarar farko jarrabawa ɗaya ce tak a ƙarshe, rubutu ne na awanni, an ba ka labari ka zaƙulo matsalolin shari'a da ke ciki. Injiniyoyi na faɗuwa a nan saboda mun saba da amsa ɗaya, mu rubuta ta a layi biyu mu tashi, alhali malamin so yake ka faɗi hujjar wannan ɓangaren da ta wancan kafin ka kai ga matsaya.

Cikin kwasa-kwasan, wanda ake rainawa kuma shi ne abincinka shi ne tsarin gudanar da ƙara a kotun tarayya, sai dokar shaida, sai rubutun shari'a. Dokar fatent kanta a shekara ta biyu za ka ɗauka. Akwai kuma taron intabiyu na musamman na masu son fatent da Jami'ar Loyola ta Chicago ke shiryawa, ka sa ido kan ranar rajistarsa. Sunayen da za ka riƙa ji su ne irin su Fish & Richardson, Finnegan, Quinn Emanuel, Kirkland & Ellis da WilmerHale.

7. Jarrabawar bar

Sau biyu ake yi a shekara, ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Yuli, kwana biyu. A New York makin ci 266 ne cikin 400, kuɗin zama dala 250 ga ɗan JD, dala 750 ga wanda ya yi karatu a waje. Bayan ita akwai jarrabawar ɗa'ar aiki ta MPRE da ake son maki 85, da wata gajeriya kan dokokin jihar, da aikin sa kai na awa 50. Kwas ɗin shiri irin BARBRI ko Themis na cin dubban daloli, amma in babban ofis ya ɗauke ka shi ke biya. Tsarin jarrabawar na cikin sauyi, jihohi na komawa wata sabuwa kowacce da shekararta, ka tabbatar wacce za ka tarar.

Hattara da fom ɗin binciken hali. Za a tambaye ka duk inda ka zauna da duk inda ka yi aiki da duk wata matsala da ka taɓa samu. Faɗi gaskiya ko da tikitin gudun mota ne. Abin da ka ɓoye aka gano ya fi abin da ka aikata illa.

Lasisin kowace jiha ya isa, don kes ɗin fatent duk na kotun tarayya ne, in za ka je wata jihar alƙali ke ba ka izinin wannan kes ɗin tare da lauyan garin.

8. Shekarun farko: yadda kes ke tafiya da inda za a ajiye ka

Albashin da ya jawo duk wannan surutun dala 225,000 ne a shekara ga sabon shiga a manyan ofisoshi, a ma'aunin 2024. Cire haraji da haya da bashi, sannan ka san ana sa ran awa wajen 2,000 a shekara da za a caji kwastoma, kuma minti shida-shida ake rubuta lokacin, kowane imel kowace waya. Awar da ka yi a ofis ba duka ake ƙirgawa ba. Sallar Juma'a ka saka ta a kalandarka tun satin farko kamar kowane taro, ba wanda zai ce maka komai, amma in ka yi shiru za a ɗora maka mitin a kai.

Kes na farawa da tebur mai gida biyu, hagu kalmomin kilem dama hoton kayan wanda ake tuhuma, layi bayan layi. Kai za ka yi shi. In layi ɗaya ya zauna fanko a dama babu keta haddi, ko da sauran duk sun cika. Wanda aka kai ƙara yana da kwana 21 ya amsa, amsarsa kuma kusan kullum biyu ce: ban shiga gonarka ba, kuma fatent ɗinka ma bai inganta ba don an riga ka. Wannan na biyun zai sa ka farautar tsohuwar fasaha, tsofaffin fatent, kundin digirin wani da ke kwance a laburare, littafin bayanin wata na'ura ta shekarun 1990, har tsohuwar waya mukan saya a eBay a kwance ta. Nauyin hujjar ba ɗaya ba ne. Mai ƙara rinjayen hujja ya ishe shi, mai son rushe fatent a kotu sai ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa.

Daga nan sai musayar takardu, dubban ɗaruruwa, da ɗakin duba kod. Wannan ɗakin ba zan manta da shi ba. Ofishin abokan hamayya ne, ɗaki ba taga, kwamfuta ɗaya da aka toshe mata intanet da duk wata kafa, ka ajiye wayarka a waje, wani na zaune bakin ƙofa yana rubuta lokacin shigarka da fitarka har na zuwa bayi. Kai da ƙwararren da kuka ɗauko ku yini kuna bin layukan manhajar wani kamfani kuna neman inda famfo ke karɓar saƙo daga na'ura, da biro da takarda kawai, shafukan da za a buga muku ma ƙidayayyu ne. Ranar da ka gano layin, a ranar za ka gane amfanin digirin injiniyanka.

Hattara: duk wannan na ƙarƙashin umarnin sirri na kotu. Takardar da aka rubuta wa "lauyoyin waje kawai" ko kwastomanka da ke biyanka ba zai gani ba. Tura ta ga wanda bai dace ba, ko da kuskuren imel ne, na iya jawo wa ofis gaba ɗaya hukunci.

Sai zaman Markman, sunan ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1996 da ya ce fassara kalmomin kilem aikin alƙali ne, ba na juri ba, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke hukunci. A nan ake yanke ko "haɗa" na nufin waya. Sau da yawa da zarar alƙali ya faɗi fassararsa kowa ya san inda aka dosa, sai a koma teburin sulhu. Bayan nan akwai yi wa shaidu tambayoyi bisa rantsuwa a ɗakin taro, awa bakwai ga mutum ɗaya, da rahotannin ƙwararru. A gefe guda kuma wanda ake ƙara na iya kai kukansa PTAB, amma shekara ɗaya tak gare shi daga ranar da aka miƙa masa sammaci, in ta wuce ko da kwana ɗaya ƙofa ta rufe. Rubuta wannan ranar a bango.

Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa gaban juri, kana iya yin shekara huɗu ba ka ga shari'a ɗaya ta kai ƙarshe ba. In an kai, aikin ya koma koyarwa, yadda za ka sa malamin firamare da direban babbar mota su fahimci abin da ke cikin ƙwaƙwalwar waya cikin 'yan kwanaki. Ɗaukaka ƙara duk wuri ɗaya take zuwa, kotun Federal Circuit da ke Washington wadda aka kafa a 1982, minti 15 ake ba kowane ɓangare, kuma sautin zaman na shafinsu kyauta, ka fara saurare tun yau. A can ake rushe manyan alƙaluma. Juri a garin Waco na Texas ya ci Intel dala biliyan 2.18 a 2021 a ƙarar kamfanin VLSI, a ƙarshen 2023 wannan kotun ta soke adadin. Apple ma da juri ya ba shi sama da dala biliyan 1 a 2012, ƙarshenta sulhu suka yi da Samsung a 2018.

9. Kama fage ɗaya

Wajen shekara ta uku ko ta huɗu ya kamata a san ka da wani abu. Masu lantarki da manhaja za su yi ta zirga-zirga tsakanin Delaware da California da Texas, musamman Marshall, wani ɗan ƙaramin gari da ya yi suna da kes ɗin fatent har Samsung ya taɓa ɗaukar nauyin filin wasan ƙanƙara a gaban tsohon ginin kotun garin. Masu magani dokar Hatch-Waxman ta 1984 ce duniyarsu: kamfanin da ke son fito da maganin mai araha ya aiko da sanarwa, mai asalin maganin yana da kwana 45 ya shigar da ƙara, in ya shigar a dakatar da amincewar hukuma har wata 30, kuma yawanci alƙali ne kaɗai ke saurare. Sai ITC, hukumar Amurka mai kula da cinikin ƙasa da ƙasa, wadda ba ta ba da diyya amma tana iya hana kaya shiga Amurka, ita ce ta sa Apple ya dakatar da sayar da wasu agogunansa a ƙarshen 2023 a rigimarsa da kamfanin Masimo. Aikin ITC gudu ne ba numfashi, mai sabon aure ya yi shawara da gida tukuna.

10. In a gida za ka yi

Ba kowa ne zai tafi ba, kuma da yadda biza ta koma ba kowa ne zai samu ba. A Najeriya hanyar ita ce LLB na shekara biyar, shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, a kira ka bar, babu wata jarrabawar fatent ta daban. Dokar ita ce ta fatent da zane ta 1970, rajista a Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, ƙara kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke saurare. Nijar da Chadi da Kamaru na cikin ƙungiyar rajistar fatent ta OAPI mai hedikwata a Yaounde, inda takarda ɗaya ke rufe ƙasashe 17, Ghana da Sudan kuma na takwararta ARIPO da ke Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya.

Kada ka zaci za ka rayu da kes ɗin fatent kaɗai, ba su da yawa, abincin yau da kullum a ofisoshin Legas da Abuja rajistar alamar kasuwanci ce da yaƙi da jabun kaya. Fara da kwas ɗin DL-101 na WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, kyauta ne ta intanet, sannan ka nemi bautar ƙasa ko horo a ofishin da ke da wannan sashen. Abu ɗaya ka riƙe daga dokar 1970: magatakarda ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce, cikar takardu kawai yake dubawa ya bayar, dokar ma ta ce ana bayarwa ne ba tare da tabbacin inganci ba. Saboda haka duk ranar da kwastoma ya shigo maka da wasiƙar barazana da satifiket mai hatimi a manne, kafin ka ba shi amsa ka karɓi kwafin kilem ɗin, ka duba ranar da aka shigar da takardar, ka buɗe Google Patents ka fara neman wanda ya riga shi.